Na'urar Gano Kifi a Kan Kayak da Kwalekwale: Tambayoyin Masunta da Amsoshinsu

Sana'ata haɗa sola da gyaran waya a Yelwan Yauri, amma a gidan masunta na tashi, kuma har yau ranar da babu aiki ina saɓa fatsata in gangara bakin ruwa. Tun da na ɗaura na'urar gano kifi a kan ɗan kwalekwalen robar nan na mutum ɗaya da ake kira kayak, da wuya in fito daga ruwa wani bai tare ni da tambaya ba. Wasu Sarkawa ne da suka girmi mahaifina a sana'ar, wasu ma'aikata ne masu jefa ƙugiya ranar Asabar, wasu kuma daga Bakolori suke bugo waya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su a nan yadda aka yi mini su.

Wai da gaske na'urar nan tana ganin kifi a ƙarƙashin ruwa?

Ba gani take yi ba, saurare take yi. Abubuwa uku ne suka haɗu: allon da kake kallo, batir, da wani ɗan dunƙulen baƙar roba mai doguwar waya. Masu sayarwa tiransdusa suke ce wa dunƙulen, ni kuwa kunne nake ce masa, ko da yake shi ne bakin kuma shi ne kunnen. Yana aika sauti ƙasa, sautin ya bugi abin da ya tarar ya dawo, kamar yadda yaro ke leƙa rijiya ya yi ihu muryarsa ta dawo masa. Sauti yana gudun wajen mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwan kogi, saboda haka a zurfin mita 15 zuwa da dawowa wajen kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ne kawai. Daga wannan ɗan lokacin na'urar ke lissafa zurfi.

Abin da ya fi mayar da sauti a jikin kifi shi ne 'yar farar jakar iskan nan da ake cirowa in ana gyaran giwan ruwa. Da yake ji ne ba gani ba, duhun dare bai dame ta ba, haka jan ruwan damina mai laka. Abin da ke toshe mata kunne iska ce: kumfa, ko wani ɗan giɓi tsakanin kunnen da ruwa. Rabin ƙarar da ake kawo mini daga nan take.

Malam, ni ba kayak gare ni ba, jirgin katako ne. Za ta yi mini aiki?

Za ta yi, amma sai kunnen ya shiga ruwa da kansa. Sauti yana ratsa roba mai tauri da faiba, ba ya ratsa katako, don katako cike yake da 'yan ƙofofin iska. Duk wanda ya ce maka ka manna kunne a cikin jirgin katako zai yi aiki, bai taɓa gwadawa ba.

Ka nemi bututun roba irin na famfo, mai faɗin inci ɗaya, ko siririn katako mai ƙwari, tsawonsa kamar kamu biyu. Ka ɗaura kunnen a ƙasansa, ka matse saman a gefen jirgi da ƙarfen matsewa irin na kafintoci. Fuskar kunnen ta kalli ƙasa sak, ta ɗan zarce gindin jirgin da yatsa ɗaya ko biyu. Ka sa shi a gefen da ba ka jefa birgi ko jawo kalli, in ba haka ba kullum kana cikin warware raga daga jikinsa. In jirginka mai inji ne, a baya ake sa shi, nesa da farfela aƙalla kamu guda, don farfela kumfa take dakawa. Daɗin wannan dabarar, da yamma ka kwance abinka ka tafi da shi gida. Ba a barin irin wannan kaya ya kwana a bakin ruwa.

Wacce zan saya?

Ƙarama. Allo mai inci huɗu ko biyar ya ishi kayak, babba sai cin batir da tare hanya. Sunayen da aka fi sani su ne Garmin, Lowrance da Humminbird, kuma kowanne yana da ƙananan da suka dace, irin su Striker 4 na Garmin. In kuɗinka sun kai, ka zaɓi mai GPS, zan faɗi dalili a gaba. Masu leƙa gefe da gefe suna da kyau, amma kunnensu dogo ne, sai ya rataya a cikin ruwa, kuma tsadarsu ba ta mai kamun fatsa ba ce. Akwai kuma irin Deeper, mai kama da ƙwallo, da ake jefawa a ruwa ta riƙa aiko hoto zuwa wayar hannu. Tana da amfani ga mai kamu daga gaɓa, sai dai ni ba na son fito da wayata a tsakiyar kogi da jiƙaƙƙen hannu.

Ba zan faɗi farashi ba, dala yake bi. In ta hannu za ka saya, araha ba ta ado: ka duba wayar kunnen taku-taku ko akwai inda aka yanke aka haɗa, ka leƙa cikin filogi ko ƙananan haƙoran sun lanƙwashe ko sun yi kore. Kada ka biya sai an gwada ta a ruwa na gaske.

A ina ake ɗaura kunnen a jikin kayak?

Nan ne aikin yake, kuma hanyoyi uku ne.

Ta farko, a cikin jirgin. Kayak na roba ana iya manna masa kunne daga ciki, sautin ya ratsa gindin. Ka buɗe murfin gaba, ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe wanda kullum yake taɓa ruwa ko da jirgi na rawa. Tun kafin ka taɓa gam, ka gwada wurin: ka cika leda da ruwa, ka sa kunnen a ciki, ka jiƙa gindin jirgin ka ɗora ledar, ka fita ruwa. In zurfin da ta nuna ya yi daidai da wanda take nunawa in ka tsoma kunnen a gefe, wurin ya yi. In bai yi ba ka matsa gaba ko baya, wataƙila akwai kumfa a cikin robar tun daga masana'anta. Da ka sami wuri, ka goge shi da sanfefa, ka wanke da sabulu ya bushe ƙarau. Ka yanko soso mai tauri, ka fafe tsakiyarsa daidai girman kunnen, ka manna shi ya zama ɗan shinge. Sai ka matsa silikon a ciki, bakin kwalbar na nutse a cikin abin da ya riga ya fito, kada ka ɗaga, kada ka juya da tsinke, don juyawa ke haifar da kumfa. Ka danna kunnen a hankali kana ɗan murza shi hagu da dama har ya zauna, ka ɗora masa dutse, ka bar shi a inuwa aƙalla kwana ɗaya, biyu sun fi.

Na taɓa gaggawa a nan. Na zuba silikon da rana tsaka, na fita ruwa da la'asar, allon ya yi ta nuna mini zurfin da ko mahaukaci ba zai yarda da shi ba. Da na ɓamɓare, ƙarƙashin kunnen kamar saƙar zuma saboda kumfa. Kuma kada a yi amfani da gam mai sandarewa kamar dutse a kan robar kayak. Robar tana lanƙwasa, gam ɗin ba ya lanƙwasa, wata rana zai ɓalle, ko kuwa ya kama kunnen ya hana ka cire shi har abada.

Wannan hanyar ita na fi so a ruwanmu, don kunnen yana ɓoye daga kututture da duwatsu da yashin da ake jan jirgi a kai. Abin da za ka rasa kaɗan ne: sautin yana ɗan raguwa, kuma zafin ruwan da allo zai nuna ba na kogi ba ne, na cikin jirgi ne.

Ta biyu, ta ramin zubar da ruwa. Kayak ɗin da ake zama a samansa yana da ramuka da suka ratsa daga sama har ƙasa, wasu ma an yi musu ɗan lungu a gindi musamman don kunne. Nan hoto ya fi fitowa tangaran. Sharaɗi ɗaya ne: ka kifa jirgin, ka ɗora sanda a kan gindin. In kunnen ya taɓa sandar, to ya fito da yawa, ranar da ka ja jirgi a kan tsakuwa za ka ji kukansa.

Ta uku, hannun da ke rataye a gefe, irin wanda na bayyana wa mai jirgin katako. Ba huda, ba gam, ana ɗagawa in an zo gaɓa. Aibinsa yana jan jirgi gefe ɗaya, yana karo da filafili, kuma kainuwa da burugu suna naɗe shi. Da ka ga hoto ya dusashe ka miƙa hannu ka share.

Allon fa?

Ka zauna a jirgin a tudu, ka ɗauki filafili ka yi kamar kana tuƙi da ƙarfi. Inda hannunka ke kaiwa ba tare da ka tashi ba, kuma filafili ba ya bugawa, nan ne wurinsa. Yawanci tsakanin ƙafafu ne ko gaban gwiwa ta gefe. Ka ɗaura masa 'yar igiya ta daban.

Ina tsoron huda jirgina.

Tsoron yana da kyau. Kada a huda komai a ƙasan inda ruwa ke kaiwa. A sama kuwa, rami ya zama daidai girman abin da zai shiga, a shafa silikon kafin a ɗaure. Sukuru shi kaɗai ba ya daɗewa a roba, yana sukurkucewa, gara noti mai wasa mai faɗi daga ciki in hannunka zai kai. Ƙarfen ya zama wanda ba ya tsatsa. Ramin waya dole ya yi faɗin da filogi zai wuce, saboda haka bayan an zura wayar sai an toshe sauran da roba mai matse waya. Ka auna sau biyu ka sa alama da biro kafin ka ɗauki diril.

Wane batir, kuma awa nawa zai yi?

Masu allon nan duk volt 12 suke ci. Wanda ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu shi ne rufaffen batirin dalma mai rubutun 12V 7Ah, wato yana riƙe da wutar amfiya ɗaya ta wajen awa bakwai, irin na fankar caji da akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta. Nauyinsa kilo biyu da ɗan kai. Lissafin ba wuya: ƙaramar na'ura mai inci huɗu tana shan wajen rubu'in amfiya. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 3.5 daga cikin 7. Ka raba 3.5 da rubu'i, ka sami awa 14. Allo mai inci bakwai yana iya shan kusan amfiya guda, ka ga batirin nan ba zai kai ka azahar ba in ka fita da asuba.

Batirin litiyam irin LiFePO4 ya fi shi nesa ba kusa ba: bai kai rabin nauyin ba, ana shan kusan dukkansa, yana shekaru. Amma sai da cajarsa ta musamman, kuma jabu ya yi yawa. In ka ɗaga ka ji kamar fanko, kuma farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka ajiye.

Ka sa batirin a robar abinci mai murfi mai kamawa, ka cusa soso kada ya yi ta gwara kai, ka ɗaure robar a tsakiyar jirgi can ƙasa. Abu ɗaya da nake maimaita wa kowa: kada a yi cajin batirin dalma a cikin rufaffiyar roba. Yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A fito da shi.

Batirin babur ɗina ba zai yi ba?

Zai kunna ta. Amma an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, ba don a yi ta tsotsarsa yini guda ba, 'yan makonni zai mutu. Mai ruwan batir a ciki kuma in jirgi ya karkata zai zubo ya ci maka waya da wando.

Dole ne sai na sa fiyus? Wani mai gyara ya ce ba komai.

Dole ne. Fiyus mai amfiya 3, a kan jar waya, kusa da batir iya kusanci. In waya ta goge ta haɗu, ɗan batirin nan da ka raina yana iya narka ta, kai kuma kana zaune a kan roba a tsakiyar ruwa. Ja zuwa alamar tarawa, baƙa zuwa alamar ɗebewa, ka duba kafin ka jona. Haɗin waya kuma ba murɗawa da salatif ba, danshi zai shiga ya mai da jan ƙarfen kore cikin wata guda. A yi masa dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi.

Wayar kunne ita ba a yanke ta sam. Na san ta yi tsawo, don jiragen da suka fi naka aka yi ta. Ka naɗe ragowar kamar lamba 8, ka ɗaure, ka ajiye nesa da wayar batir. A jirgi mai inji, ka ba na'urar batirinta daban kuma ka raba wayarta da ta inji, in ba haka ba da ka ja inji allo zai cika da zane-zane.

Mu a tunga muke, babu wutar lantarki. Yaya caji?

Farantin sola mai wat 20 ya isa ya mayar wa batir mai 7Ah abin da ka sha a yini, ranarmu ba ta rowa. Amma ta kwanturola, wato 'yar na'urar daidaita caji, kada a jona faranti kai tsaye, zai dafa batirin. Ka sayi 'yar mitar awon wuta. Batirin dalma da ya huta in ya nuna 12.7 cike yake, in ya sauko 12.1 ya kai rabi. Ka yi caji ranar da ka dawo, kada ka bari sai jajibirin fita. Barin batirin dalma babu caji shi ke kashe shi, fiye da aiki.

Na kunna, amma ban gane komai a allon ba.

Kowa haka ya fara. Abu na farko: allon ba taswirar abin da ke gabanka da bayanka ba ce. Gefen dama shi ne abin da ke ƙarƙashinka yanzu, duk abin da ya gangara hagu labarin da ya wuce ne. Layin ƙasa in ya fito da kauri da haske, ƙasa mai tauri ce, dutse ko tsakuwa, wani lokaci har ka ga layi na biyu a ninkin zurfin. In ya fito siriri a dusashe, laka ce.

Kifi yana fitowa kamar baka ko jinjirin wata a kife. Dalili kuwa, sautin yana bazuwa kamar hasken tocila, ƙunci a sama faɗi a ƙasa. Kifin da ke bakin da'irar ya fi nisa da kunne, in ya zo tsakiya ya matso, in ya fita ya sake nisa. Tsawon bakan ba girman kifi yake nunawa ba, daɗewarsa a ƙarƙashinka ne. Kauri da launi su ne girma. In ka tsaya cak kifi ma ya tsaya, dogon layi za ka gani. Garken ƙananan kifi kamar gajimare yake fitowa, kuma in ka ga baka biyu ko uku masu kauri a ƙarƙashin gajimaren, ka shirya, tsage ko giwan ruwa na kiwo. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa masu kwanciya a ƙasa su ne masu wuyar gani, suna haɗewa da layin ƙasa, sai ka matso da hoton mita biyun ƙarshe.

Hanyar koyo mafi sauri: ka je inda ka sani kamar tafin hannunka, ka bi ta kansa sau goma a hankali, kana kallon yadda abin da ka riga ka sani yake fitowa. Ka kuma saukar da ƙugiya mai dalma a ƙarƙashin kunne, ka ɗaga ka sauke, za ka gan ta tana zana layi.

Tawa cike take da hoton kifi, amma raga ba komai. An cuce ni ne?

Duba abu biyu. In a tudu ma tana nuna kifi, to tana kan wasan gwaji ne, wanda aka rubuta Simulator ko Demo, hoton da aka ɗauka tun a masana'anta. Na ga wanda ya kwana biyu yana bin kifin ƙarya a haka, a ruwan da bai kai ƙugu ba allo na ce masa mita 20. Ka kashe shi. Na biyu, 'yan hotunan kifin nan masu wutsiya da ake kira Fish ID zato ne kawai na'urar ke yi. Reshe, leda, ciyawa, kumfa, duk kifi take ce musu. Ka kashe su ka koyi karanta baka. In allon ya cika da ɗige-ɗige lokacin farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba da kogi ke ɗauke da laka da shara, ka rage ƙarfin jinta, wurin da aka rubuta Gain ko Sensitivity. In baƙin ruwa ya iso wajen Disamba ruwa ya tace, sai ka ƙara.

A fadama nake kamu, ruwan bai wuce tsayin mutum ba. In saya?

Gaskiya, a'a, ka sayi raga da kuɗin. Sauti mai kilohaz 200 (kilohaz ma'aunin kaifin sauti ne) yana bazuwa wajen digiri 20 ne, wato faɗin abin da kake ji kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin. A mita 9 kana jin da'ira mai faɗin mita 3. A mita 2 kuwa faɗin faifai biyu ne kawai, kuma inuwar jirginka ta riga ta kori kifin. Mai kilohaz 77 ko 83 ya fi faɗi, amma duk da haka a ƙasa da mita ɗaya yawancinsu rikicewa suke yi. Na'urar ta tafkin Kainji ce, da gurabun Neja masu zurfi, da Bakolori kusa da Talata Mafara.

Lambar zurfi tana ƙiftawa, ko ta ɓace gaba ɗaya.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Ciyawa ta naɗe kunne? Ya karkace ya daina kallon ƙasa? Filogi ya shiga har ƙarshe? Batir ya sauka? Yawancin na'urorin suna nuna ƙarfin batir a allo, ka kunna wannan ya zauna a kusurwa. In na cikin jirgi ne, ka zuba ruwa kofi ɗaya a kansa. In hoto ya dawo, silikon ya saki, iska ta shiga, sai an sake. In duk ba su ba ne, ka kara kunnenka a jikinsa na ɗan lokaci, mai lafiya yana 'yar ƙara ƙyas-ƙyas. Kada dai a bar shi yana aiki a tudu na tsawon lokaci, ruwa ne ke sanyaya shi.

Ba ta kashe kifi ko ta kore shi? Ba irin kamun lantarkin nan da aka hana ba ne?

Ko kusa. Babu wutar da ke shiga ruwa, sauti ne, kuma ya fi ƙarfin jin mafi yawan kifaye. Bugun filafili a jikin jirgi ya fi shi korar kifi. Cikin abin da dokar kamun kifin ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana akwai guba da nakiya da lantarki. Duk da haka, in ka je ruwan da ba naku ba, ka fara gaida Sarkin Ruwa ka nuna masa abin, ka bar shi ya riƙe ya duba. Baƙon abu mai waya da batir a jirgin baƙo yana jawo zargi.

Wani ya tambaye ni ko zai shiga da ita kogin Matan Fada ranar bikin Argungu. Na yi dariya. Gasar da ake yi tun 1934, homa ce da gora, kuma mutum dubu nawa ne ke dama ruwan a lokaci guda?

Yaro, mu da muka gaji ruwan nan kaka da kakanni, me akwatin nan zai gaya mana?

Baba, a kan kifi ba abin da zai gaya muku. Ku kuna karanta launin ruwa da tsuntsaye da wata, shi bai san ko ɗaya ba. Na taɓa bin wani dattijo, ya daidaita wata kuka da kan wani tsauni ya ce mini nan gurbi yake. Ina kallon allo, ƙasa ta faɗa daga mita 4 zuwa 11 daidai inda ya nuna da haɓa.

Inda yake da amfani shi ne ƙasan da ya canza. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka, kuma itatuwan suna nan tsaye a ƙasa. Tafkin yana hawa yana sauka wajen mita goma a shekara, kututturen da ke can ƙasa a watan Janairu shi ne zai yaga kalli a watan Yuni. Yashi kuma kowace damina sabon wuri yake tarawa. Na'urar tana nuna itacen kafin raga ta same shi, kuma gindin irin waɗannan itatuwan ne manyan kifi ke fakewa. Mai GPS kuwa, danna maɓalli ɗaya ta riƙe wurin, ko da hazon hunturu ya rufe kukar da tsaunin za ta mai da mutum kansa. In an sa alama a rubuta wata da zurfi, don mita 6 na yau ba shi ne na bayan wata huɗu ba. Sai dai abin da ke ƙarƙashi kawai take ji, ba ta hango kututturen da ke gaban jirgi. Wannan har gobe aikin ido ne.

Wace kulawa take so bayan an dawo?

Kashe ta kafin ka zare waya. Ka cire allon ka shiga da shi ɗaki. Kunnen da ke shiga ruwa a wanke shi da sabulu da tsumma mai laushi, don gansakuka da laka suna rage masa ji. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da kankarewa da wuƙa, kuma in ana yi wa jirgi fenti ko kwalta a kauce masa.

Filogi shi ne inda ciwo ke fara shiga. A bar shi ya bushe, a ɗan shafa man silikon na kayan lantarki, in babu a sa ɗan basilin, a rufe da hularsa. Wanda ya yi kore a goge da tsohon buroshin haƙori. Da hunturu kada ka share allo da gefen riga, ƙurar nan yashi ce, za ta karce shi. Ka fara zuba ruwa kaɗan ta gangara tukuna.

Sai rana. Yawancinsu an yi su ne su jure zafi har wajen digiri 55, kuma baƙin allo da aka bari a fili a watan Afrilu a Kebbi yana wuce haka. In ka tsaya cin abinci ko salla ka yafa masa hula ko tsumma. Batir ma inuwa yake so, haka shi kansa kayak ɗin, rana tana cin roba tana sa silikon ya saki.

In jirgi ya kife fa?

Mai alamar IPX7 tana jure nutsewar mita ɗaya na minti 30, saboda haka kifewa ba ta kashe ta, in dai ka ɗaure ta. Da ka fito ka cire batir, ka busar da filogi kafin ka sake jonawa. Amma kai ne abin ji. Sabon mai na'ura yana duƙar da kai ga allo ya manta da duniya, ga jiragen fasinja masu inji, ga iskar da ke tasowa da hadari, ga dorina, wadda mutanen Yauri ba sai an ba su labarinta ba. Kayak ba ya da nauyin da zai jure ko ɗaya daga ciki. Rigar hana nutsewa a jiki take, ba a bayan kujera ba.

Zan ajiye ta wata uku, zan tafi noma. Me zan yi?

Ka cika batirin dalma kafin ka ajiye, ka zare masa waya, ka sa a riƙa ƙara masa caji wata-wata. Na litiyam a bar shi da kamar rabi. Allo ya shiga leda da 'yar jakar shan danshin nan da ke zuwa a kwalin takalmi, a sa a akwati. Wuraren da ka yi wa alama ka kwafe lambobinsu a littafi, don na'ura tana iya lalacewa ta tafi da su. In kunnenka manne yake a cikin kayak, ka wanke cikin jirgin sosai kada ƙarnin kifi ya saura, ka rufe murfin ruf, ka ɗora jirgin a kan wani abu sama da ƙasa. Ɓera yana son wayar kunne, kuma ba gefe yake ci ba, tsakiya yake gutsurewa.